Rigar da Ba a Wanke ba

Shekara tara rabon Furera da ta ji ƙanshi ko wari. Abin ya fara ne kamar mura, irin wadda ake cewa a sha citta a lulluɓa. Murar ta ƙi tafiya, hanci ya toshe, goshi ya yi nauyi, har ta koma numfashi da baki. A asibiti aka haska hancin, aka ce wani nama ne ya tsiro a ciki. Aka yanke shi, ta sarara na 'yan watanni, ya sake fitowa abinsa. Tun daga nan ko albasa take soyawa, sai dai idonta ya yi hawaye.

A unguwarsu ta Ƙofar Guga kuwa babu wanda bai zama likita a kanta ba. Wannan ta ce surace, waccan ta ce man habbatus sauda, wata har cewa ta yi hannu aka sa mata. Furera ta gwada na gwadawa, ta gaji, ta tattara su ta watsar.

Mijinta, Malam Lado kafinta, shi ya zama hancinta. Yana daga zaure zai ɗaga murya, "Furera, tukunya na kamawa!" Shi ke sansana nono kafin ta dama fura. In ta yi turaren wuta, shi ke gaya mata ya isa, kar ta kashe su da hayaƙi. Wani lokaci ya miƙo mata hannun rigarsa da tsokana, ya ce ta ji turaren da ya sayo, ita kuma ta ture shi, ta ce da shi da turaren nasa duk ɗaya suke da bango a wurinta. Shekara talatin da huɗu suna wannan zama.

Wata Talata cikin bazara, kafin azahar, ya faɗi a rumfarsa. Ko asibiti ba a kai ba, rai ya yi halinsa.

Ranar sadakar uku mata suka tattara tufafinsa za a wanke, a kai wa maza su raba. Cikin kayan har da shuɗiyar rigar da ya fita da ita ran nan, wadda ya tuɓe ya rataye a ƙusa kafin ya kama aiki. Furera ta faki idon mutane ta cusa ta ƙarƙashin zanenta. Da ɗaki ya yi sauƙi ta fito da ita ta kifa fuskarta a wuyan rigar, ta ja numfashi iya ƙarfinta. Ba ta ji komai ba. Nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka ɗauke shi, domin ta san yana cikin rigar nan, zufarsa da garin katako da miskin da yake shafawa, ita ce dai ba ta da hanyar isa wurinsa.

Ta ninke rigar ta sa a leda, ta ɗaure, ta ajiye a ƙasan akwatin ƙarfe. Ba ta gaya wa kowa dalili ba. Ina mace mai jikoki za ta buɗe baki ta ce tana son ta sansana mijinta? Ko Ramla, autarta, wadda ta dawo gidan ta taya ta zaman takaba, abin da ta sani kawai shi ne Inna ta ɓoye rigar Baba don tunawa.

Wata huɗu da kwana goma Furera ta yi a ɗaki tana lissafin kwanaki, ranta na kan akwatin. Damina ta sauka, ɗakuna suka yi danshi. Kullum fargabarta kar ƙanshin ya gaji da jiranta ya fice. Washegarin fitarta daga takaba ta sa Ramla ta tare musu Keke Napep, suka nufi asibiti.

Likitan hanci, Dakta Umair, ya zura wata 'yar fitila a hancinta, ya daɗe yana dubawa.

"Mama, naman ya cika ko'ina, dama da hagu."

"To a kashe ƙwayar cutar mana, likita."

"Ai babu ƙwayar da za a kashe. Garkuwar jikinki ce da kanta. Aikinta ta yi faɗa in cuta ta shigo. To taki ta cikin hanci ba ta san a daina ba. Ƙura kaɗan, hayaƙi kaɗan, sai ta tashi da yaƙi, fatar cikin hancin ta kumbura. Kumburin ne in ya daɗe yake zazzagowa ya zama wannan naman, ya tare wurin da ƙanshi ke isa. Shi ya sa ko an yanke yake dawowa. Ciwon asma da kike fama da shi ma ɗan gida ɗaya ne da shi."

Furera ta shafa hancinta. Ashe duk shekarun nan jikinta ne ya tsaya mata a ƙofa, wai yana tsaronta.

"Mi za ya sa in ji ƙanshi? Ko na yini guda."

Ya ce akwai ƙwayoyin da ke kwantar da kumburin da sauri, sau da yawa ƙanshi kan dawo, amma ba a daɗewa a kansu, balle ga mai ciwon suga irinta. In an daina kuma, mai yiwuwa hancin ya sake rufewa. Shi ya fi son ta dage da maganin feshi da wanke hanci da ruwan gishiri, a sa mata ranar wani aikin.

"Aikin sai yaushe?"

"Layin da tsawo. Sai bayan wata biyar ko shida."

"Ba ni da wata shida, ɗana. Ka ba ni ƙwayoyin."

Ya dube ta. Bai tambayi dalili ba, Allah ya saka masa. Ya rubuta na kwana bakwai, ya ja wa Ramla kunne a kan awon suga safe da yamma.

Kwana na ɗaya shiru, na biyu shiru. Ran na uku da hantsi tana zaune a tsakar gida sai wani abu ya doki hancinta, ta yamutsa fuska. Kwatar ƙofar gida ce. Furera ta tuntsire da dariya, ta ce wa Ramla, "Auta, ashe haka kuke zaune cikin warin ga ba ku gaya mani ba?" Yinin ranar ta bi gida tana sansane-sansane kamar kyanwa: daddawa, sabulu, jiƙaƙƙiyar katanga, kan jikanta da ba ta taɓa jin ƙanshinsa ba tun da aka haife shi.

Akwatin kam ba ta taɓa shi ba. Tsoro take ji. Ta ce bari hancin ya ƙara buɗewa, ran na huɗu ma ta ce haka. Ran na biyar da safe ta ƙirga ƙwayoyin da suka rage a tafin hannunta, ta ga lokacin ja da baya ya wuce. Ta yi wanka, ta sa tufafi masu kyau, ta kira Ramla ta jawo mata akwatin daga ƙarƙashin gado.

Murfin na ɗaguwa wani kaifin wari ya cika ɗakin. Furera ta san shi. Rabonta da shi shekara tara, amma ba a manta kafur, domin da shi ake wanke gawa. Ta kwance ledar, wasu fararen ƙwallaye guda uku suka gangaro kan tabarma, sun zaizaye saura kaɗan.

"Ni na sa mata," in ji Ramla, tana murmushi. "Tun farkon damina na ga asu ya fara cin zannuwanki. Na ce rigar Baba kam ba za shi taɓa ta ba. Har cikin ninkin na tura."

Ramla ba ta yi laifi ba. Duk macen kirki a Katsina haka za ta yi wa tufar da ake ji da ita. Wata uku kafur na cikin ledar nan, Furera na kwana a kansa, ba ta ji ba.

Ta ɗaga rigar ta kifa fuskarta a wuyan. Kafur. Ta koma hammata, ta koma aljihu, ta juya rigar ta bi ɗinki-ɗinki tana jan numfashi har ƙirjinta ya fara kuka. Babu zufa, babu katako, babu miski. Ta yi ƙoƙari ta tuno ƙanshin da ka, ta ga shi ma ya ɓace mata.

Ramla na tsaye tana kallon yadda uwarta ke sansana rigar. Murmushinta ya gushe a hankali. Ta tuna maganar da aka yi gaban likita, ko na yini guda. Ta durƙusa, ta dafe bakinta.

"Inna... don shi kika sha maganin?"

Furera ta ƙara danna fuskarta cikin rigar.

"Inna, na ɓata maki? Don Allah ki gaya mani. Kin ji shi?"

Furera ta ɗago ta dubi yarinyar. Wata huɗu ta bar ɗakin mijinta tana mata wanki da girki, ga ta yanzu durƙushe a gabanta. In ta faɗi gaskiya, Ramla za ta ɗauki abin nan har ranar da za a wanke ta ita ma.

"Na ji shi, Auta," ta ce. "Shina nan."

Ta mayar da fuskarta cikin rigar, ta bar ta a can, don kar Ramla ta gani.