Ƙwayoyin da Malam Badaru Ya Sayo

Malam Badaru ba ya cewa yana jin tsoro. In abu ya dame shi sai ya saɓa fartanya ya nufi gona, ko da babu ciyawar da za a nome. To, lokacin da likita a Kano ya ce maƙoƙon da ke wuyan matarsa Hure ya fara danne mata hanyar numfashi, sai an yi aiki an cire, bazara ce, gona ta bushe ƙayau. Ya rasa inda zai kai tsoron nasa.

Ranar kasuwar Makoda ya samar masa wuri. Wani mutum ne ya buɗe bayan mota, ya kafa lasifika, yana tallan ƙwayoyin ƙara ƙarfi: na man kifi, na tafarnuwa, da wani na saiwar da ya ce daga ƙasar Sin aka kawo ta. Ya ce duk wanda za a yi wa aiki ya sha, jini zai cika, jiki zai yi ƙwari. Malam Badaru, wanda ko ciwon kai ya yi sai an yi da gaske yake haɗiyar fanado, ya sayi duka ukun.

Abin da bai sani ba shi ne, ranar da suka je asibiti yana waje ƙarƙashin darbejiya lokacin da wata nas mai suna Muhsina ta zaunar da Hure. Ta ce mata, "Inna, daga yau har ranar aiki kada ki sha komai sai abin da muka ba ki. Ban da na kemis, ban da na kasuwa. Wasu daga cikinsu tsinka jini suke yi, in an yanka ya ƙi tsayawa."

Hure ta ji sarai. Amma da asubar farko da Malam ya dawo daga masallaci ya tsuguna a bakin ɗakinta, ga moɗar ruwa a hannu ɗaya, ga ƙwayoyi uku a tafin ɗayan, sai ta kasa gaya masa abin da nas ta ce. Tun da aka kawo ta gidan nan tana yarinya, bai taɓa miƙa mata ruwa ba. Ba don mugunta ba, haka dai aka saba. Yanzu ga shi da furfurarsa yana cewa, "Karɓi, ki yi bismilla." Tausayinsa ya kama ta.

Ta karɓa. Ta kai hannu baki, ta kurɓi ruwa, ta yi hamdala. Ƙwayoyin kuwa suna nan a tafinta, yana juya baya ta ƙulle su a haɓar zani. Zubarwa ba ta yiwu ba, don kaji za su tone su a tsakar gida. Ajiyewa a ɗaki ma haka, jikoki ba su bar kwano a rufe ba. Sai ta samu leda ta riƙa tarawa a ƙasan jakarta.

Shi kuwa har yabon maganin yake yi a majalisa. "Kun ga fuskarta kuwa? Har ta yi haske." Allah sarki, hutun surfe ne da matar ɗanta ta karɓe mata.

Ranar aiki da safe likitan da ke sa barci ya zo da tambayoyinsa. Ya tambayi Hure ko akwai abin da take sha ban da na asibiti. Ba ta buɗe baki ba Malam ya riga ta.

"Ƙwarai kuwa, likita. Ai ba mu zauna haka ba. Kullum da asuba ni da kaina nake ba ta." Ya zaro robobin daga aljihun riga ya jera a kan gado.

Likitan ya ɗauka ya karanta ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye. "Baba, har yaushe ta sha?"

"Har jiya."

"To, ba za mu taɓa ta yau ba. Wuya wuri ne mai jijiyoyin jini. In ya ɓalle a ciki, shaƙe ta zai yi. Sai waɗannan sun fita daga jikinta, a sake neman wata rana."

Malam ya dubi robobin, ya dubi wuyan matarsa da ke fitowa kamar gora duk numfashin da ta ja. Wata rana a asibitin nan ba kusa ba ce, ya sani, layin da suka bi kafin su samu wannan ma ya ishe shi.

Hure ta ce, "Malam, miƙo mini jakata."

Ta kwance ledar a kan cinyarta. Ƙwayoyin suka bazu a zani, wasu sun manne da juna saboda zafi, ƙarnin kifi ya tashi. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Likita, ko ɗaya ba ta wuce maƙogwarona ba."

Kunya ta rufe Malam Badaru a gaban likitan, yaron da bai kai ɗansa na biyu ba. Bayan kunyar sai ya zauna a ƙasan siminti yana maimaita alhamdu lillahi. Likitan ya gamsu, aka tura gadon aka shige da ita, yana nan zaune.

Aka yi aiki lafiya. Washegari yatsunta da leɓenta suka fara yi mata kamar tafiyar kiyashi. Muhsina ta ce hakan kan faru bayan irin wannan aiki, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi ne ya yi ƙasa a jininta. Ta kawo wata farar ƙwaya babba, ta wuce Hure ta miƙa wa Malam.

"Baba, wannan kai za ka riƙa ba ta."

Ya ja hannunsa baya. "A'a, 'yar nan. Ni na gama ba da magani."

"Wannan likita ne ya rubuta. Yanzu kam jikinta na bukata."

Sai da ya sake tambaya kafin ya karɓa. Ya zuba ruwa, ya tallafi kan Hure a hankali saboda ɗinkin, ya tsaya a kanta har ta haɗiye da ƙyar.

"Buɗe hannun in gani," ya ce.

Ta buɗe. Babu komai. Ta so yin dariya, ciwo ya hana ta.

Ya zauna a bakin gadon, ya daɗe yana murza hularsa. "Hure, da na kashe ki da hannuna fa. Me ya hana ki faɗa mini tun farko?"

Muryarta ta dishe, sai da ya kawo kunnensa kusa da bakinta.

"Da na faɗa, Malam, da ka daina zuwa da asuba."