Gonar da Dattijo Bai Taka Ba

Shekarar da cutar fumfuna ta faɗa wa dankalin turawa, manoman wani kwari suka naɗa Dattijo mai duba gonaki, domin shi ne ya fi kowa sauraron malamin gona. Ya haddace alamomin: baƙin tabo a gefen ganye, farar fumfuna a ƙarƙashinsa, sannan ruɓa ta gangara har cikin ƙasa. Magani kuwa, a tuge wanda ya kamu a binne da nisa, a yi wa sauran feshi tun suna da lafiya. Magana guda ce ta wuce shi, lokacin da ya fita amsa gaisuwa: kada a ratsa shuka tana jiƙe da raɓa, domin jiƙaƙƙiyar tufa da hannu kan kwashi cutar su kai wa mai lafiya.

Kullum da sassafe, raɓa na ɗiga, sai ya zura doguwar rigarsa ya shiga kunya-kunya, yana juya kowane ganye da hannunsa. Daga gona mai ciwo ya faɗa mai lafiya, ya ƙare da tasa, gefen rigar sharkaf. Bayan kwana biyar tabo ya bayyana inda ya bi, shi kuwa ya ce, "Kun gani? Ba don idona ba, da wa zai gano ta da wuri haka?" Jama'a suka yi ta sa masa albarka.

Gona ɗaya ce bai taɓa takawa ba, ta ƙanensa, wanda suka shekara uku ba sa ga-maciji saboda rikicin iyaka. "Bar shi," in ji Dattijo ga matarsa, "wanda bai ji bari ba ya ji hoho."

Da malamin gona ya dawo zagaye, ya tarar da kwarin baƙi ƙirin, sai gonar ƙanen kaɗai kore shar. Ya tambayi ƙanen sirrinsa.

"Feshi dai irin na kowa," in ji shi. "Sai kuma Allah Ya taimake ni, Yaya yana fushi da ni."

Malamin ya dubi jiƙaƙƙen gefen rigar Dattijo, ya daɗe yana dubawa, sannan ya maimaita maganar raɓa a hankali, kamar mai karanta wa mutum wasiƙar ta'aziyya.

Abin da Dattijo ya haƙa bai isa iri ba, kuma irin gona mai cuta ba a mayar da shi ƙasa. In bai sami mai tsabta ba, baɗi ba shi ba noma. Ya haɗiye fushin shekara uku da ƙyar, ya nufi iyakar, ya yi sallama.

Ƙanen ya fito da buhu biyu a baro, ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya kamata.

"Ga iri, Yaya, halak malak. Fushi ya wuce. Amma don Allah tsaya nan inda kake, ni zan turo maka."