Lambar Yaya a Saman Dandamali

Shekara da shekaru hukumar wasanni ba ta san yayata na raye ba, sai da sabon shugaba ya zo yana neman dalilin da za a ɗauke shi hoto. Nan take aka tuna da matan da suka taɓa ciyo kofin ƙwallon kwando, wai za a karrama su. Yaya ce kyaftin ɗinsu. Ni taɓe baki na yi, amma ita har da ba da ɗinki. Burinta ɗaya ne: jikarta, wadda ba ta taɓa saninta ba sai da sanda, ta gan ta a tsaye tana karɓar lambar yabo da hannunta.

Muna shiga zauren wasan raina ya ɓaci. A tsakiyar fili suka kafa dandamali mai tsayin bayan tirela, matakalarsa ta ƙarfe a tsaye ƙiƙam, ba ko abin dafawa. Kwandon ma sun kwance shi don allon hoton shugaba ya sami wuri. Duk wanda ya zauna da tsohuwar 'yar wasa ya san gwiwa ce ke fara tafiya, balle waɗannan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu suna tsalle a kan siminti. To ina 'yan kwamiti za su sani? Su ƙwallon da suka sani shi ne tumbinsu.

Aka jera matan a kujerun roba a ƙasa, kusa da lasifika, manya kuma suka haye sama. Shugaba ya yi ta zuba kamar kanya, ya ce mata iyayenmu ne, ya gode wa kansa har ya gaji.

Da aka kira Yaya, sai ta miƙo mini sandarta. Ta taka a hankali, kai a sama, zauren ya ɗauki tafi. A gindin matakala ta ɗaga ƙafa, gwiwa ta ce ba da ita ba. Ta sake, haka. Na je na raɗa wa mai gabatarwa ya ce shugaba ya sauko. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa, ya ce mai hoto ya riga ya saita kyamara a sama. Wasu ƙarti biyu suka taso wai su ɗaga ta, kallo ɗaya ta yi musu suka koma.

"Yaya, zo mu tafi gida," na ce.

"Bari, Auta. Zai sauko."

Bai sauko ba, agogo ma ya duba. Sai mai gabatarwa ya yi dabara irin tasu, ya ce wakilinta ya zo. Mijinta, mutumin da bai taɓa zuwa kallon wasanta ba don a ganinsa tsalle ba na matan kirki ba ne, ya haye da sauri kamar ɗan saurayi. Ya karɓi lambar, ya ɗaga sama yana washe baki, kyamara na ta walƙiya a kansa.

Na mayar wa Yaya sandarta, muka dawo kujera. Jikar kuwa tana ta tafi da murna. Ta jawo mayafin Yaya ta nuna dandamali.

"Kaka, ashe shi ne ya ci kofin?"