Masu Kare Littafin Baba

Littafin Baba ya yi shekaru a kantin littattafan bakin tasha, can saman kanta kusa da fankar da ba ta juyawa, ba wanda ya taɓa cewa a sauko masa da shi. Na san haka domin ni na buga masa shi a kwamfuta, ni na kai kwalayen kantin, ni kuma nake leƙawa in na taso daga kemis ɗin da nake aiki. Mai kantin kan ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "Yana nan lafiya lau, Malama."

Baba ya yi aikinsa kaf a ɗakin tiyata. Shi ne mai yi wa mara lafiya allurar barci, ya tsaya a kansa har a gama. Da ya yi ritaya zama ya ishe shi, sai ya hau rubuta abin da idonsa ya gani. Littafi ne mai kauri, kuma Baba ba ya iya ba da labari sai ya gaya maka sunan kowane almakashi. A gidanmu ma ba wanda ya karanta. Yayana ya ce sai ya sami hutu. Mijina kuwa da nasa yake tokare tagar falo don kada iska ta buga ta.

Wata safiya muna shirin fita sai muka ji a rediyo cewa kwamitin kula da tarbiyya ya haramta sayar da littafin da karanta shi, wai yana ɗauke da batsa. Mijina ya ajiye kofin shayi ya dube ni.

"Baban naki?"

"Ina da wani ne?"

Ya tashi ya zare littafin daga taga, ya tura shi ƙarƙashin katifa.

Na raka Baba ofishin kwamitin. Shugabansu mutum ne mai ƙaton tebur da wayoyi jere a gabansa kamar mai sayarwa. Littafin na gefe, sabo fil, bayansa ko karyewa bai yi ba, sai wuri guda da wani ya naɗe masa kunnen takarda. Nan ya buɗe, ya ɗora yatsa.

"Dattijo kamarka ka rubuta cinya. Cinyar mace! Ga kuma mara a layi na gaba."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, tiyatar haihuwa ce. Ta ina kake so mu bi?"

Shugaba ya juya wajen sakatarensa. "Ka ji ko? Irin bakin da ya rubuta ke nan."

Na tambaye shi ko ya karanta babin har ƙarshe. Ya ce shi ba ya saka ƙazanta a idonsa, kuma ba da ni yake magana ba. Wayarsa ɗaya ta yi ƙara, ya ɗauka, ya yi mana nuni da ƙofa da bayan hannu.

Kafin mako ya zagayo gari ya ɗauka. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo tana sharar hawaye da gefen mayafi, wai Yaya ya ja musu abin faɗa da tsufansa, ita yanzu ba ta iya ɗaga kai a unguwa. Na ce, "Gwaggo, me ya rubuta?" Ta ce, "Allah ya tsare ni da sani." Maƙwabcinmu da kullum yake kawo wa Baba hannu a auna masa jini ya koma bi ta bayan layi. Mai kantin nan kuwa ya nemo tsani. Littafin da ƙura ta yi wa bargo ya sauko ƙarƙashin tebur, a naɗe a jarida, ana miƙa shi da raɗa da kashe ido. Wasu ko wahalar saye ba su yi ba, an ɗauki hoton babin nan ana ta turawa a waya.

Wani magidanci ya shigo kemis sayen maganin mura, ya jira har mutane suka ragu, ya matso.

"Malama, an ce ke 'yarsa ce. Don Allah wane shafi ne? Na duba na duba, ni ban ga komai ba sai jini da zare."

Fuskarsa irin ta wanda aka cuta. Na ba shi maganinsa na ce ya sha bayan ya ci abinci.

Sannan masu karewa suka iso. Ƙungiya ce ta matasa masu kiran kansu masoya karatu, jagoransu wani dogo da kowa ke kira Gilashi, saboda tabaran da yake sawa ba don ciwon ido ba. Suka cika mana baranda, suka zaunar da Baba a tsakiya, aka ba shi littafin ya riƙe a ƙirji, kowa ya zo ya durƙusa a gefensa a ɗauki hoto. Gilashi ya yi magana a gaban kyamara da hannu a dunƙule. Ya ce wannan ƙagaggen labari ne da ya tona asirin masu mulki, kuma jarumin ciki yana wakiltar duk wani matashi da aka danne.

Na ce masa a hankali, "Babu jarumi a ciki. Ba ƙagagge ba ne ma."

Ya yi mini murmushin tausayi. "Anti, adabi yana da zurfi."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Baba ya ji daɗi. Mutumin da ya yi rayuwarsa fuska a rufe da ƙyallen tiyata, ba wanda ya san kamanninsa, yau ga shi ana tafa masa. Ya sa aka rage masa gemu. Ya fara cewa "mu marubuta". Suka shirya masa taro a wani zauren makaranta, mutum bayan mutum yana hawa yana yabon littafin, ɗaya ya ce ya sa shi kuka, ɗaya ta ce ta karanta shi a zama guda. Littafin da ni da na buga shi sai da na yi ta wanke ido da ruwan sanyi. Ba wanda ya ambaci ko layi ɗaya daga ciki. 'Yan kwamiti dai sun buɗe shafi guda, waɗannan ko wannan wahalar ba su sha ba.

Bayan taron da 'yan kwanaki, da hantsi, ina gidan Baba ina jera masa magungunansa, wata mata ta yi sallama. Za ta girme ni kaɗan, da jakar aiki a kafaɗa. Ta ce ita lauya ce. Baba ya washe baki, ya ɗauka cikin masu karewa ce, har ya miƙa hannu neman biro don ya sa mata hannu a littafi.

Ta ce, "Baba, ni na kai ƙarar littafinka."

Ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. Ta ciro nata kwafin daga jaka. Shi ne na farko da na taɓa gani bayansa ya karye, gefen takardunsa ya yi duhu da hannu.

Babin da ake ta magana a kai labarin wata mata ne da aka kawo tana naƙuda, jini ya ɓalle mata. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, injin asibiti babu mai, aka ƙarasa da tocila. Jaririn ya rayu, uwar ba ta farka ba. Baba bai faɗi sunanta ba, amma ya faɗi tabon ƙuna da ke kafaɗarta ta hagu, da aikin mijinta, da wata yarinya da aka bari a baranda tana jira da takalmi wari ɗaya. Ya kuma rubuta abin da matar ta faɗa kafin allura ta ɗauke ta: a cire mata shi, ita ba ta taɓa son cikin nan ba.

Lauyar ta ce, "Ni ce mai takalmi wari ɗaya. Ɗayan ya faɗi a mota."

Baba ya ajiye biron.

"Na sayi littafinka ne don na ga asibitin da uwata ta rasu. Na karanta shi daga farko har ƙarshe, kuma ba ƙarya a ciki. Ba wannan ne ya kawo ni ba. Jaririn nan ƙanena ne. Ni na goya shi. Tun yana ƙarami nake ce masa uwarmu ta tafi tana sa masa albarka. Na ce idan littafin nan ya kai hannunsa, zai gane tabon, don yana cikin hotonta da ke ɗakinsa."

Na ce, "Ai da kin zo wajenmu."

Ta dube ni. "Da na zo. Kuskurena ke nan, na bi hanyar da na saba. Na rubuta wa kwamitin cewa an tona sirrin mara lafiya, an bayyana tsiraicinta da maganarta ta ƙarshe ba da izinin iyalinta ba, a sa marubucin ya cire babin. A duk abin da na rubuta, kalmar tsiraici kaɗai suka gane. Sai ji na yi a rediyo."

Ta murza hannun jakar.

"Da can littafin yana saman kanta ba mai kallonsa. Yanzu abokin aikin ƙanen nawa ne ya turo masa babin a waya, wai ya karanta ya sha dariya, ga abin da aka hana. Ya karanta. Bai ce mini komai ba, sai hoton da ya sauke daga bango."

Baba ya ce, "Na rubuta ne don a san yadda rashin mai a inji ya kashe ta."

"Na sani, Baba. Amma maganar tata ba taka ba ce. Kai aka ba amanarta, kana tsaye a kanta."

Ta mayar da littafinta jaka ta tafi. Ko ruwan da na kawo mata ba ta taɓa ba.

Washegari Baba ya sa na kira Gilashi. Ya gaya masa zai cire babin, kuma yana roƙon su daina yaɗa shi. Bai faɗi dalili ba, don dalilin ba nasa ba ne da zai raba. Gilashi ya cire tabarau, karo na farko da na ga idonsa.

"Baba, mun sa kanmu a gaba saboda kai! Yanzu ka ce za ka ja da baya? Me za mu ce wa mabiyanmu?"

Kafin la'asar ya rubuta a shafinsu cewa an tsorata dattijon, wasu a ƙasa suka ƙara da cewa sayensa aka yi. Waɗanda suka durƙusa a gefensa aka ɗauke su suka hau goge hotunan. Suka kuma sake sakin babin, wai don kada tarihi ya ɓace.

Shugaban kwamiti shi ma bai bari ta wuce shi ba. Ya shiga rediyo ya ce marubucin ya gane kurensa ya tuba, kuma wannan nasara ce ga tarbiyya. Da muka koma neman a ɗage hanin tunda an cire babin, sakatarensa ya ce kwamiti ba ya magana biyu. Gwaggo ta dawo da fara'a ta ce ta yafe wa Yaya. Mijina ya zaro nasa daga ƙarƙashin katifa, ya juya shi gaba da baya, ya tambaye ni ko yanzu ba laifi a bar shi a fili. Na ce ya tambayi rediyo.

Bayan kamar wata guda, wani mutum ya zo da rigar aikin kamfanin lantarki, hular kwano a hannu. Bai faɗi ko shi wane ne ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya gaida Baba a ladabce ya zauna a bakin kujera.

"Tambaya ɗaya ce, Baba. Bayan ta faɗi wannan maganar, ta sake cewa wani abu?"

Ina tsaye a bayansa ina yi wa Baba ido. So nake ya ce ta janye, ya ce ta yi addu'a, ya ce komai. Wa zai ƙaryata shi? Baba ya ƙi kallona.

"A'a, ɗana. Allurar ta ɗauke ta. Amma na tsaya a kan mutane da yawa a cikin irin wannan azabar. Na ji masu zagin iyayensu, na ji masu roƙon a kashe su. Da suka farka ba wanda ya tuna, in an gaya musu ma kunya suke ji. Ita ba ta sami farkawa ba ne. Ni kuma ban kyauta ba da na rubuta."

Mutumin ya daɗe yana kallon cikin hularsa. Ya ce ya gode, ya tashi. Baba ya raka shi har bakin titi, ya tsaya a rana har babur ɗinsa ya sha kwana.

A satin ne Gilashi ya kira ni. Ba gaisuwa, ba tambayar Baba. Sun manta wani dogon ƙyalle a gidanmu mai ɗauke da hoton Baba, yana so a aika masa. An hana wata waƙa, za su fita zanga-zanga, kuma bayan ƙyallen fari ne, za a iya rubutu a kai. Na ce ya zo da kansa ya ɗauka, yana bayan gida, mun shimfiɗa wa kaji.