Ƙusar Maƙerin Zonkwa

Kowa a Kakuri ya san Baba Jethro ba ya sayar da keken ɗinkin da ya hau kantarsa ta sama. Na ƙasa na mutane ne, a kawo ya gyara a ɗauka. Na sama kuwa, tsofaffin baƙaƙen kekuna goma sha ɗaya masu zanen ruwan gwal, waɗannan nasa ne, ko taɓawa ka yi sai ka sha harara. Tun da masaƙa ta sallame su a shekarar tsuke bakin aljihu ya buɗe shagon, yake bin 'yan gwangwan na Makera yana tsamo tsofaffin kekuna kafin a farfasa su. Mutum ne da zai kifa keke ya dubi lambar gindinsa ya ce maka, “Wannan ya girmi ubanka,” kuma wallahi haka ne.

A cikin sha ɗayan nan akwai ɗan lelensa, wani keken hannu mai doguwar ƙoshiya, wanda ya samo wata uku da suka wuce. Shi ne wata mata ta zo nema ranar Asabar da hantsi. Sunanta Celina, malamar firamare ce a Sabon Tasha.

“Baba, 'yan gwangwan ne suka turo ni wajenka,” in ji ta bayan sun gaisa. “Keken mahaifiyata nake cigiya. Tana asibiti ana duba idonta ƙanena Wilson ya ɗauka ya sayar. Yanzu ta koma garinmu Zonkwa, idon bai tashi ba, kuma kullum da safe sai ta lalubi teburin ta tambayi kekenta. Da shi ta ɗinka wa zumuntar matan coci kaya shekara talatin.”

Tun kafin ta rufe baki Baba Jethro ya san wanne take nufi. Amma tsohon nan ba ya jin kunyar wayo. Ya sauko da ɗan lelen, ya haɗa da wasu biyu masu kama da shi, ya jera su a benci.

“To 'yata, ga su nan. In kin gane naku, ɗauki ki tafi.”

Ya koma ya harɗe hannu hankalinsa kwance. Ina za ta gane? Keken da ya kwance ɗaiɗai, ya jiƙa a kananzir kwana huɗu, ya goge har kana ganin fuskarka a jikinsa?

Celina ba ta tsaya kallonsu ba ma. Ta ce tun tana 'yar shekara bakwai ita ke juya hannun keken, uwar tana riƙe da yadi, don haka da kunne ta san shi. Ta rufe ido ta juya na farko, ta juya na biyu, ta juya na uku. Duka suka tafi sumul, ba ka jin komai sai ɗan shuu. Ta sake bi ta kansu. Sai ta buɗe ido, jikinta ya yi sanyi.

“Ba ya nan, Baba. Namu kowane juyi sai ya ce ƙwas. Muryarsa ke nan.” Ta ɗauki jakarta. “Na gode, ka yi haƙuri na ɓata maka lokaci.”

Ai shi ke nan, ya ci. Bakinsa kawai zai kama ta fita. Amma kalmar nan ta murya ta tsaya masa a wuya.

“Murya? Wace irin murya! Cuta ce! Wani maƙerin garinku ne ya buga masa ƙusar garma a hannu, karkatacciya, ta yi shekaru tana cin ramin da take ciki. Kwana biyu na yi ina fama kafin in fitar da...”

Celina ta ajiye jakar a hankali.

Baba Jethro ya ja tsaki, ya ji haushin bakinsa, ya kuma ji kunya. Ya jawo gwangwanin da yake tara tarkace, don shi ba ya yar da ƙarfe, ya tona ya fito da ƙusar, baƙa mai lanƙwasa. Ya tura mata keken tsakiya.

“Ga shi nan. Ɗauki. Ki gaya wa Mama an yi masa gyaran da zai kai jikokinta.”

“Baba, don Allah ka mayar da ƙusar.”

“In me?”

“Mama ba ta gani. In ta juya ba ta ji ƙwas ba, cewa za ta yi wani muka sayo muka yaudare ta. Gara ma in koma hannu wofi.”

Ya yi faɗa, kai, ya yi faɗa! Ya ce shi tun da yake bai taɓa barin keke ya fita daga hannunsa da aibu ba, me za a ce da shi a garin nan? Celina dai tana tsaye tana kallon ƙusar. Da ya gaji don kansa sai ya ɗauko sukurdireba, ya kwance kyakkyawan ƙarfen da ya sa, ya zura aikin maƙerin, ya ɗan buga da guduma yana runtse ido kamar shi ake buga wa.

Celina ta kama hannun keken ta juya. Ƙwas. Ta sake juyawa. Ƙwas. Hawaye suka zubo mata, ba ta daina juyawa ba.

“Shi ne, Baba. Shi ne.”

Baba Jethro ya juya mata baya ya fuskanci bango, yana ta zagin maƙerin Zonkwa, muryarsa na rawa.