Kwakwar Jikar Baudilia

Duk wanda aka haifa a Punta Icaco a shekarun nan, ni Sixta na yanke masa cibiya, don haka ba mai gaya mini halin mutanen garin nan. Baudilia ce dai ban karɓi haihuwarta ba, don tare muka tashi, amma ita ma na san ta kamar yunwar cikina. Mace ce mai kirki, in ta dafa kifi da madarar kwakwa sai ka siɗe yatsa. Aibinta ɗaya, abin da ta ce nata ne ba ta son wani ya kalle shi sau biyu. Cikin abin da ta mallaka kuwa, ɗanta Wilfrido ne a gaba.

Da Wilfrido ya auro Maryuri daga El Firme, can saman kogi, ba yarinyar ce ta tsone wa Baudilia ido ba, uwar yarinyar ce, Leocadia. Laifin Leocadia kuwa bai wuce tana zaune a kan tudu ba. Ayabarta na nuna, rijiyarta da daɗi. Mu nan teku ya ci makaranta, ya ci filin ƙwallo, ya shiga gonakin ayaba ya bar su kamar an babbake. Rijiyoyinmu sun yi zartsi, ruwan sama muke tarawa a duro. Duk ranar da Wilfrido ya dawo daga gidan surukai da nonon ayaba a kafaɗa, sai Baudilia ta taɓe baki.

"Sadaka ta aiko mana," in ji ta. "Mun zama mabarata."

Sannan ta dafa ta cinye, tana ci tana kushe.

Da cikin Maryuri ya fito, Baudilia ta zaɓi kwakwa mai kyau ta sa a tsohon kwale-kwalen da ta ɗora kan turaku a bayan gida, inda take shuka albasa da ɗoɗɗoya, don gishiri ba ya kaiwa can. Haka muke yi, kwakwa ta tsiro tare da ciki, ranar haihuwa a dasa ta a kan cibiya da mabiyiya. Inda kwakwar mutum take, can ne garinsa, ko bangon duniya ya je zai dawo. Na dangin Baudilia jeri guda suke a bakin ruwa. Teku ya ɗauke ta marigayi mijinta, ya ɗauke tata, ta Wilfrido ce kaɗai ta saura, ta ɗan karkace amma tana 'ya'ya.

Ana haka sai wata mai bakin tsiya ta kawo labari wai Leocadia ma ta sa kwakwa ta tsiro. Baudilia ta iske ni ina gyara ƙaguwa, ko gaisuwa babu.

"Sixta, kin ji abin da matar nan ta yi?"

"Na ji. Ita ma ai jikanta ne."

"Jikanta? Ƙasa ta ishe ta, ruwa ya ishe ta, 'ya'yanta duk suna gabanta. Ni ɗaya ne da ni. Shi ɗin ma ta mayar da shi ɗan aikenta, yanzu kuma jikan za ta haɗa?"

"To in kin dasa a nan, a ina za ki dasa? A kan igiyar ruwa?"

"Muddin kwakwar Wilfrido na tsaye, ba inda za shi. Ta ɗansa ma kusa da ita za ta tsaya."

Na ci gaba da gyaran ƙaguwata. Kishi kumallon mata ne, in ya motsa sai an haras, ni kuma ban shirya a harar mini a jiki ba.

A kwanakin nan ne Wilfrido ya fara cika buhuna da baƙin yashinmu na bakin teku yana jerawa a gindin gida. Baudilia ta samu abin faɗi. Duk wadda ta gamu da ita sai ta ja ta ta nuna mata, wai ɗanta zai yi mata shinge ya tare ruwa, masu cewa zai koma tudu sun ji kunya. Sai dai buhunan ba sa ƙaruwa. A cika yau, jibi a ga sun ragu. Ta ɗora laifin a kan maƙwabcinsu Eleuterio, tsohon da ko bokiti ba ya iya ɗagawa, ta yi masa wankin babban bargo a gaban jama'a. Wilfrido yana tsaye a gefe, ya ci gaba da ɗinkin ragarsa.

Naƙuda ta zo da hantsi, kafin lokacin da na lissafa. Wilfrido ya hau kwale-kwale ya tafi ɗauko surukarsa. Kafin su iso yarinya ta faɗo, baƙa sumul, murya kamar ta kakarta ta wajen uba. Ina cikin ɗaure cibiya na waiga, kwanon da na sa mabiyiya ya bar inda na ajiye shi. Baudilia ta rungume shi a bakin ƙofa.

"Ajiye kwanon nan," na ce. "Ba a binnewa sai uba na nan."

"Rana na yi, zai yi wari."

Maryuri ta ɗago kai da ƙyar. "Mama, a jira mamata mana."

"Ke dai huta, 'yata. Wannan aikin manya ne."

Ta tagar ɗaki na hango ta a gindin kwakwar Wilfrido, tana haƙa da adda kamar wadda ake kora. Ta binne, ta dasa, ta tattake da dunduniya.

Da rana tsaka Leocadia ta sauko daga kwale-kwale, kwakwarta mai ganye biyu a ƙirji, an naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Baudilia ta tarye ta da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarta ba, har da kiranta komadre, yadda iyayen ma'aurata ke kiran juna a wajenmu.

"Sannu da hanya, komadre. Kin sha ɗawainiya, ashe har da kaya. Da kin sani ba ki wahala ba, mun riga mun gama."

Leocadia ta dubi ɗan tsiron da ke rawa a iska, ta dubi inda ruwa ya tsaya da safe, tsakaninsu bai fi tsawon kwale-kwale ba. Na gyara tsayuwa ina jiran faɗa.

"Allah ya raya," in ji ta. Ta ajiye tata kwakwar a inuwa, ta shiga ta karɓi jaririya.

Wannan haƙurin ya fi zagi yi wa Baudilia ciwo. Har washegari tana ce mini, "Kin ga yadda ta kalle ni? Kallon wadda ta san abin da ban sani ba." Aka sa wa yarinya suna Aniceta.

Watanni suka shuɗe. Babbar cikar teku ta sabon wata ta zo, ruwa ya shigo gari har gwiwa, ƙaguwa na yawo a coci. Da ya janye, ganyen tsiron ya fara rawaya daga baki. Baudilia ta riƙa ɗibar ruwan samanta na sha tana zuba masa, ita tana haɗiyar yawu. A makon nan Aniceta ta kama gudawa. Ni na san ruwa ne, don duron kowa ya gurɓace, na kuma gaya wa Maryuri ta kai ta tudu ta sha mai daɗi. Suka tafi da Wilfrido, aka ce ba za su dawo ba sai yarinya ta ji sauƙi. Baudilia ta bi ni da harara har ƙofar gidana, wai an saye ni da nonon ayaba.

Cika ta gaba ta kwashe yashin gindin tsiron, saiwa ta fito fili. Ganye ɗaya ya rage kore. Da sassafe na ga Baudilia a ƙofata, idanu sun faɗa.

"In ya mutu fa, Sixta?"

"Itace ne."

"Kada ki raina mini hankali. Ke ce kika koya mana ba itace ba ne."

Na ɗauko abin tuƙin kwale-kwale. Ta haƙe tsiron da ƙasarsa da duk abin da ke ƙarƙashi, ta sa a babban kwano, muka bi ruwa yana hawa. Tun daga bakin kogi take gunaguni. Wai aro za ta ba su, da zarar Wilfrido ya gama shinge za ta dawo da abinta. Da muka fara wuce gonakin El Firme, ayaba kore shar har cikin ruwa, sai ta juyar da kai ɗaya gefen.

Mun iske Leocadia a baranda, Aniceta a cinyarta ta yi ɓul-ɓul tana tsotsar gwanda. Baudilia ta ajiye kwano ta miƙa hannu. Yarinya ta kalle ta, ta kwaɓe baki, ta cusa fuska a wuyan Leocadia.

"Ƙiwuya take yi kwanan nan," in ji Leocadia. "Kowa haka take masa."

"Ban da ke."

Baudilia ta nuna kwanon da haɓa. "Na kawo ajiya. A ba ni adda da inda zan haƙa, ko can bayan shara ne."

"Ba sai kin haƙa ba, komadre. Akwai rami."

Ta ja mu bayan gida, muka hau ɗan tudu. Ga rami an haƙa shi da kyau, an kewaye shi da kara don kada alade ya shiga, ciyawa har ta tsiro a bakinsa. Wannan ramin ya girmi Aniceta. Baudilia ta durƙusa ta zura hannu, ta fito da shi cike da baƙin yashi mai ɓawon kifi. Ƙasar El Firme ja ce. Kwakwa kuma tana son ɗan yashin teku a gindi, kowane ɗan Punta Icaco ya san wannan daga ubansa.

Ta ɗaga kai. Gaba kaɗan turakun sabon gida ne a tsaye, an zuba musu siminti a gindi, ga buhunan nan da ta sha nuna wa mutane a jibge, wasu an zazzage. Wilfrido ya sauko daga kan katako da guduma a hannu, ya tsaya nesa kamar yaron da ya fasa tulu.

"Mama, na so in gaya miki. Ɗakin da ke kallon kogi naki ne."

"Ni na ce masa ya fi iska," in ji Leocadia.

Da ma ta yi shiru. Baudilia ta juya ta koma kan ramin. Ko ɗakin da za ta kwana ma wata ce ta zaɓa mata. Ta sa tsiron a rami da hannunta, ta tura ƙasa, ta tattake da dunduniya. Leocadia ta miƙo ruwa a kofi ta sha, ta karɓa ta juye wa tsiron duka.

"Sixta, tashi mu tafi, kada ruwa ya janye ya bar mu."

Har muka fito bakin kogi kwanon da ba komai a ciki yana kan cinyarta. Da muka zagayo, abin da muka fara hangowa shi ne kwakwar Wilfrido, ita kaɗai a bakin ruwa, a karkace, 'ya'ya cunkus a wuyanta. Baudilia ta daɗe tana kallonta.

"Ashe ƙarya kike mana duk shekarun nan, Sixta," in ji ta. "Ga cibiyarsa a nan, shi yana can."