Bangon Ɗakin Abu Zuhair

Ummu Zuhair ta ɗaga ƙarfen da take kankare fenti da shi ta ɗirka wa bangon sau uku, har ɓawon farar ƙasa ya zubo kan bargon mijinta.

"Abu Sakhar, na san kana ji na. Ruwanka ya sake shigo mana."

Ba ta jira amsa ba, ta fita bakin matakala. Ƙofarsa na kallon tata a hawa na uku na wani tsohon bene a unguwar Jabal Nuzha, kuma shekara ashirin da uku ke nan ba su taɓa gaisawa da daɗin rai ba. Tsohon maginin ya leƙo, ya naɗe wuya da rawani, fuskar nan a murtuke.

"Hajiya, shekara arba'in ina gini, babu bututu ko ɗaya a bangon nan," in ji shi. "Kin toshe tagogi da tsumma, ga tururin tukunya, ga numfashinku. Ɗaki da ɗumi, bango da sanyi, dole ya yi zufa. Ki riƙa buɗe taga da safe."

"Numfashinmu? Mutumin da numfashin ma da ƙyar yake samu? In buɗe masa taga a tsakiyar Janairu don ka huta da jin tarinsa?"

"To ki ci gaba da shafe-shafenki, injiniya."

Ya rufe ƙofa. Ta bi ƙofar da tsaki mai tsawo.

Gaskiya tsoro ne ke cin ta. Likita ya faɗa mata ƙiri-ƙiri cewa baƙar funfunar da ke bangon nan ita ke shaƙe ƙirjin mijinta Abu Zuhair, in ba a raba shi da ita ba bai zama lalle ya ga bazara ba. Gadon kuwa ba shi da wani wurin da zai shiga. Don haka ta ɗaura ɗankwali a hanci, ta wanke bangon da bilic har idanunta suka yi jawur, ta kankare, ta cike tsagu, ta shafa fentin mai wanda mai shago ya rantse mata ruwa ba ya keta shi. Bayan kwana uku ɗigo ya jeru a kai kamar ƙwayoyin carbi. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ta tashi ta sake shafawa tana tsine wa maƙwabcin da ƙarfi yadda zai ji.

A shafi na uku sai bangon ya bushe. Ta ɗora tafin hannu, babu laima, har wani ɗan ɗumi ta ji. Kukan ƙirjin mijinta ya lafa, ya fara neman miyar adas, ɗan ƙaramin waken nan, da bakinsa.

Ta tare Abu Sakhar a matakala yana hawa da jarkar kalanzir, yana tsayawa a kowane taki.

"An gyara bututu a ɓoye ke nan? Kunya ta hana a faɗa."

"Fentinki ne, hajiya," ya ce, tari ya sarƙe shi. "Matsa in wuce."

"Allah ya sawwaƙe," ta ce, ba don ta damu ba.

Mako uku bayan nan, ranar Talata da hantsi, 'yarsa Maisun ta zo daga garin Zarƙa ta same shi a gado ya riga ya cika. Sanyi ne ya kama masa haƙarƙari. Ummu Zuhair ta yi salati yadda ake yi, amma ba za ta ce zuciyarta ta karye ba.

Kwana biyu da binne shi, bangon ya koma zufa. Ranta ya ɓaci: mutum ya mutu bai fasa cutar da ita ba. Ta dafa shinkafa da adas don gidan makoki, ta shiga da tiren, niyyarta ɗaya, ta ga bututun nan da idonta. Ta ajiye abincin gaban mata, ta zame zuwa ɗakin da ke manne da nasu.

Wayam. Ba famfo, ba bututu, ba ko kujera. Sai soba, murhun kalanzir na ɗumama ɗaki, an jingina shi dab da bangon, zafinsa ya ƙona fentin ya bar tabo ruwan ƙasa.

"Me kike nema, inna?" Maisun ce tsaye a bakin ƙofa, idanu a kumbure.

"Na ce ko akwai inda ke yoyo."

"Babu. Zo ki ga inda yake kwana."

Ta ja ta zuwa ɗakin can ƙarshe. Sanyinsa kamar cikin randa. Bargo uku a kan gadon, da tsohon kwat ɗinsa a sama.

"Soba ɗaya gare shi," in ji Maisun. "Kullum a waya ina cewa baba ka mayar da ita ɗakinka. Sai ya ce matar can ba ta jin magana, in bai ɗumama bangon ta nan ba za ta kashe mijinta da fenti." Ta share hanci. "Ki ɗauke ta in kina so. Ai da ma taku ce."

Kunya ta rufe Ummu Zuhair tun daga kai har ƙafa. Ta fita ba ta ɗauki ko tirenta ba.

"Kin ga bututun?" mijinta ya tambaya daga gado, ƙirjinsa ya fara kukan nan.

Ta ƙara masa bargo, ta je taga ta zare tsummokaran ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe ta faɗin tafin hannu. Iska ta shigo ta motsa labule. A bayanta ɗigo ɗaya ya gangaro kan sabon fentin, ya tsaya a kan katakon gado.